Ƙyaure Ba Bango

"Lahiya lau, Onarabul. Ina gajiya? Ina wahalar raba mutane da maƙwabtansu?"

"Gajiya ta bi lahiya, baiwar gidanmu. Ina ƙaurin kihi? Tun daga bakin masallaci naj ji shi, nac ce lalle Rahmatu ta tashi."

"Hancin ga naka ko daga Bagudo shina jin abinci. Matsa, kak ka taka min tukunya."

Namadi kansila ya matsa, ya gyara zaman hularsa, ya tsaya yana kallon amalanken shanun da ke ƙofar gidan. An riga an ɗora gado da tabarmi da gangar bandar kifi. Ashe dai maganar da ya ji gaskiya ce, taubashiyarsa tashi za ta yi.

Uban Namadi da uwar Rahmatu ciki ɗaya suka fito. A tsohuwar Tungar Baushe, can bakin kogin Kwara kusa da Illo, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, ita ɗin ma ba ta tsare komai ba, domin uban Namadi ya huda ta ya kafa ƙyaure da katakon tsohon jirginsa, don ƙanwarsa ta riƙa shigowa ba sai ta zaga ba. Ta nan ake miƙa garwashi da gishiri da labarin gari. Iyayen suka rasu, 'ya'yan suka gaji ƙofar, suka ƙara mata aiki guda: kullum garin Allah ya waye sai Rahmatu ta tura ƙyauren ta zagi Namadi, shi kuma ya rama, sannan kowa ya karya kumallo. Har furfura ta cim musu ba su fasa ba.

Sai ambaliya ta cinye tungar. Namadi ya yi ta safa da marwa tsakanin Illo da Bagudo, hedikwatar ƙaramar hukuma, har aka gina wa mutanensa gidajen bulo a kan tudu, layi-layi, da kwalbatoci da famfo da fitilun sola. Aiki ne na kirki, ko maƙiyinsa ya san haka. Inda ya zame shi ne wajen rabo. Dattawa suka ce a bar kowa kusa da maƙwabcinsa na da, shi kuwa tsoron a ce ya fifita danginsa ya hana shi barci, ya ce sai ƙuri'a. Ya ƙara da doka, ba mai huda bangon gwamnati. Hannunsa ya ɗauko masa gida jikin masallaci, na Rahmatu ya ɗauko mata na ƙarshen layi, wanda daga shi sai gonar gero. Yanzu ga 'yarta Safina, da ke aure a Madekali ta ƙasar Benin, ta aiko ta koma wurinta.

Abin da ya kawo shi kalma uku ce, kada ki tafi. To amma bakin da ya shekara hamsin yana zagi bai san ta inda ake fara roƙo ba.

"To ina aka zuwa da tarkacen ga? Ko bola anka buɗe a Benin?"

"Za ni in da mutane ka gaisawa. Garin ga naka in ka yi atishawa sai gobe aka ce ma yarhamukallahu."

"Ba su barin ki ki shiga. Jandarma na bakin iyaka shina jin muryarki sai shi ce a biya ma bakin ga kuɗin hito."

"In sun tambaye ni mi ya koro ni, sai in ce wani ɗan Sarkawa na, jikan masunta, wanda bai iya iyo ba, tsoron ruwa yas sa yak kwashe gari guda yah hau tudu da shi."

"Ni ban iya iyo ba? Ni da nab bi kada har raminai?"

"Tsari na, Namadi, tsari. Shi ma shi ab bisa gare ka. Ni nij jawo ka da kunne, shi ya sa har yau kunnen ga na hagu ya hi ɗan'uwanai tsawo."

Mai amalanke, wanda ke ɗaure kaya, ya sunkuyar da kai yana dariya a ɓoye, don ba kullum ake samun damar jin ana wanke kansila tas a gaban jama'a ba. Namadi bai damu ba. Rabon da a zage shi haka da safe har ya manta, kuma sai ya ji abin yana shigarsa kamar kunun zafi. Ya buɗe baki zai rama ke nan idonsa ya faɗa kan wani baƙin katako da aka jingina a bayan gadon, da ƙusoshi masu tsatsa da tabon kwalta. Shi a zatonsa ruwa ya tafi da shi tuntuni.

"Ke! Wancan ba ƙyaurenmu na ba?"

"Ƙyaurena dai. Ranar da ruwa yash shigo, kai kana can kana ma ciyaman bayani, ni nash shiga har ƙirji nat tumɓuke shi."

"Jirgin babana na. Sauke min kayana, ɓarauniya."

"Babanka ya ba uwata. Abin da anka ba uwata kuwa nau na, kamar yadda kai ma anka ba mu kai tun kana tsumma."

"Wa yab ba ku ni?"

"Wa ka son ka? Anka yi ta cigiya ba a samu mai ɗauka ba, inna tac ce a kawo shi ko tsaron awaki ya yi."

"Haram katakon ga shi ƙetare iyaka. Dukiyar ƙasa ta. Da izinin wa?"

"To in na bar ma shi, ina kaka kahwa shi, Onarabul? Ga goshinka? Ba kai kac ce wanda yah huda bango shi biya tara ba?"

Namadi ya juya. Ya dubi bangon gidan, dogo, sumul, da lambar da shi da kansa ya sa aka rubuta da jan fenti. Da ya tsaya a gaban wannan bango ranar buɗe unguwa, ji ya yi kamar ya gina Makka. Yau kuwa ya ga bulo ne kawai aka jera.

Ya ce, "Ai ba ki rasa komi ba nan. Ga kwano, ga siminti, ga ruwan pampo. Can dauri kina kwana da kwaɗi."

"Kwaɗin suna amsa sallama."

"Ga maƙwabci nan Bunyaminu, mutumin kirki."

"Mutumin kirki ƙwarai. In ya gan ni sai shi duƙa shi ce, ina kwana Inna. Kullum ina kwana Inna. Ko sau guda bai taɓa ce min mayya ba. Wagga rayuwa ta?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ta ɗauki ƙullin daddawa ta cusa cikin kwando, ba ta dube shi ba, ta ci gaba da magana da muryar nan tata ta tsokana, kamar labarin wata take bayarwa.

"Da damana ma zazzaɓi yak kada ni. Ina kwance ko ruwa ban iya ɗiba. Nac ce bari in buga bango ko Allah ya sa a ji. Nab buga, nab buga. Kai, bulon ga naka mai kyau na, Namadi, ba a cuce ka ba wurin ɗan kwangila. Ko ƙwaro bai ji ba."

"Yaushe anka yi haka?"

"Lokacin da kuka aikin kwalbatin hanyar kasuwa."

"Mi yah hana a gaya min?"

"Wa za shi gaya ma? Ni da ka kwance? Sai da mai tallan hura tal leƙo. Can gida da rana ta hito ba ka ji na ce ma kunnen jaki ba, ai da ka turo ƙyaure ka ga ko na mutu ka ci gado."

Maganar ta daki Namadi inda bai shirya ba. Ya tuna kwanakin nan sarai. Yana tsaye bakin kwalbati yana ƙirga buhunan siminti, yana jin daɗin kansa, 'yar ƙanwar ubansa kuwa tana can tana dukan bangon da ya hana a huda. Ya ji kunya, ya ji baƙin ciki, ya kuma ji haushin dattawan nan da suka yi gaskiya tun farko. Ya ciro goro daga aljihu don ya sami abin yi da hannunsa, ya mayar bai ɓare ba.

Can ya ce, "Na yi magana da Bunyaminu."

"Ka ce shi riƙa zagina? Bai iyawa, ba shi da basira."

"Musanya za mu yi. Shi koma nau na jikin masallaci, ni in dawo nashi. Ya yarda, sai dai ya ce in bari shi gama yankan shinkahwa."

Hannun Rahmatu ya tsaya a bakin kwandon. Ta san gidan nan nasa, kowa ya san shi, ga famfo a ƙofa, ga inuwar darbejiya, ga masallaci taki kaɗan ga mai ciwon gwiwa. Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ka bar gidan sarauta ka dawo bakin gonar gero? Matarka ta sani?"

"Ita tac ce in zo. Ta ce tun da munka hau tudun ga ba mai zagina da sahe, sai in tashi in huce kanta."

"Allah sarki baiwar Allah. To dokar bango hwa?"

"Wa'adina ya kusa. Ranar da nis sauka ni ka hwara ɗaukar guduma. In sabon kansila ya ci ni tara, in ce baiwata ta biya."

"Ka makara, bawan gidanmu."

Ta faɗe shi a hankali, ba da wasa ba, kuma shi ne karo na farko a ranar da ta yi magana ba ƙaya a ciki.

"Sahina ta gyara min ɗaki. Cikinta ya tsuhwa, ba ta da kowa can. Na yi mata alkawali, ba ni tashe shi. Da ka zo da maganar ga tun kahin damana..."

Mai amalanke ya ja igiya ta ƙarshe ya ce in ba su kama hanya yanzu ba jirgin ruwan da za ta shiga a Lolo zai tashi ya bar su. Rahmatu ta ja ƙofar ƙarfen gidan ta datse, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Ta taka ta hau, ta zauna kan tabarmi, ta gyara lulluɓi. Namadi yana tsaye kamar an dasa shi. Kalmomin nan uku kuwa, ya tabbata ko sun fito yanzu ba abin da za su tsayar.

Shanu suka ɗaga ƙafa. Sai ta ce, "Tsaya! Kai mai amalanke, kwance igiyar ga."

"Hajiya, lahiya?"

"Katakon ga shi ka sa shanunka nishi. Sauke ma tsohon ga shi, kowa shi huta da kukanai."

Aka zare ƙyauren aka jingina shi a jikin Namadi. Ya fi yadda ya tuna nauyi. A gefe ɗaya, daidai inda ake turawa, katakon ya yi santsi ya lotsa, wurin hannun uwarta ne da nata.

Ya ce, "Ashe kin san na gaskiya. Dukiya ta dawo hannun mai ita."

"Dukiyar wa? Ajiya ta, ba kyauta ba. In gara ta taɓa min shi, kunnen daman ma sai na ja shi ya kai ɗan'uwanai. In ka huda bangon ka kahwa shi, ka aiko."

"Kina dawowa ke nan?"

"Ban ce ina dawowa ba. Na ce ka aiko."

Amalanke ya mirgina ya bi miƙaƙƙen layin da Namadi ya auna da igiya da hannunsa. Ya tattare babbar rigarsa, ya cire hula ya cusa a aljihu, ya ɗora ƙyauren a ka. Mutane suka fara leƙowa ta ƙofofinsu suna kallon kansilansu da katako a kai kamar ɗan dako. Daga can bakin kwalbati muryarta ta taso, gari duk yana ji.

"Jama'a ku shaida! Dama na hwaɗa muku bawanmu na, ga shi nan da kayan uwargijiyatai!"

Namadi ya lalubi amsa. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa barin ta da ta ƙarshe ba, yau ya laluba ya rasa. Sai ya fashe da dariya, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Kin ci, Rahmatu! Yau kam kin ci!"

Ya juya ya nufi gidan Bunyaminu, yana gode wa Allah da babansa ya yi ƙyauren da faɗi, don ya rufe masa fuska har ya wuce mutane.