Kyaftin Tebur da Farashin Awa Guda

Duk mai jirgin saman da ya ga jirginsa ya tashi lafiya daga wannan rumfar gyara, ya gode wa Allah, sannan ya gode wa manaja. In ma ya manta, manajan zai tuna masa.

A gabansa makanikai Kyaftin suke ce masa, a bayan ido kuwa Kyaftin Tebur. Bai taɓa riƙe sifana ba, jirgi ma tsoron hawansa yake, wai mota ta fi ba mutum damar nazari. Amma kullum yana cikin farar riga fes, ko ɗigon baƙin mai bai san ta ba.

Babban aikinsa shi ne yanke abin da mai jirgi zai biya kan kowace awa ta gyara. "Awa guda tukunya ce kan duwatsu uku," in ji shi, "albashi, da haƙƙin ma'aikaci, da ɗawainiyar kamfani." A kowace ɗari, ashirin da biyar albashin makanike ne, goma na asibitinsa da fansho. Sauran duk ɗawainiya: haya, wuta, inshora, da wasu muhimman kayan jirgi irin su na'urar sanyi biyu da kujera mai juyawa a ofishin Kyaftin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babban makanike, dattijon da ya yi shekara talatin kansa cikin inji, ya hau bene ofishin Kyaftin neman ƙarin albashi, don ana zawarcin ƙwararrunsa biyu a wani kamfani. Kyaftin ya juya a kujera. "Baba, ƙarin albashi kumbura awa yake yi. Ku bar ilimi ga masu shi." A makon aka kawo masa sabon firji.

Sai ga Hajiya mai jiragen haya, wadda rabin aikin rumfar nata ne, ta ce awarsu ta yi tsada, ko a rage ko ta kwashe jiragenta. Kyaftin ya yi mata lacca ta minti arba'in. "Hajiya, ba sifana kike biya ba, ƙwaƙwalwa kike biya." Ta ɗauki jakarta, ta ba su mako guda.

Mai kamfani ya kira taro hankali a tashe, ya ce dole a zaftare ɗawainiya. Kyaftin ya miƙe yana gyara kwala. "Ranka ya daɗe, bakina ka riga. Ɗawainiya ita ce garar da ke cin kamfanin nan. A yanke ta, ba sani ba sabo! Akawu, karanto mana daga babba zuwa ƙarami."

Akawu ya yi gyaran murya. "Na ɗaya, hayar rumfa." Ya ɗago kai ya dubi Kyaftin.

"Ci gaba mana!" in ji Kyaftin.

"Na biyu kai ne, yallaɓai. Awar makanike ake sayarwa, taka ba ta da mai saye. Kana tsakanin haya da kuɗin wuta."

Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Farashi ya sauka, Hajiya ta zauna, makanikai suka sami ƙarinsu. Kyaftin kuwa aka sauko da shi wani ɗan ɗaki kusa da sito, da fanka mai ƙara. Duk wanda ya leƙa yakan gaya masa da kansa ya zaɓi saukowa, don shugaba na gari ba ya nisa da jama'arsa. Makanikai sun yi murna ƙwarai. Yanzu in suna ƙarƙashin jirgi waya ta yi ƙara, akwai mai ɗauka.