Farfesa Kwano da Kalangun Gidaɗo

Idan ana zancen arzikin Talata Mafara, wasu kan fara da shinkafa, wasu da kasuwar Talata. Duk rashin sanin Yasir ɗan Sarkin Fawa ne. Wata tara kacal ya yi a ƙasar waje, ya dawo ba takarda, amma da gita mai jona wuta, da baƙar riga, da ilimin da babu mai shi daga nan har Maradun, wato kiɗan ƙarfe, wanda Turawa ke kira hebi metal. Mahauta suka laƙaba masa Farfesa Kwano. Ya riƙe Farfesan, ya yi kamar bai ji Kwanon ba.

Kullum da la'asar yakan sauko majalisar ƙofar gidansu ya raba wa jahilai ilimi kyauta.

"Ba kowane kiɗan ƙarfe ne firogiresif ba, wato mai ci gaba," in ji shi. "Dole waƙa ta kai minti ashirin. Bugun kada ya tafi huɗu-huɗu irin na 'yan biki. Ya yi bakwai, ya koma tara, ya faɗo biyar, har mai rawa ya rasa ƙafar da zai ɗaga. Sannan ta ɗauko labari guda ta kai shi ƙarshe. Ku da kuka tashi cikin kalangu, wannan ya fi ƙarfinku."

Ranar da ya fara gwaji a gida, shanun mahaifinsa biyu suka tsinke igiya suka nufi Garbadu. Ya ce alama ce kiɗan ya ratsa su.

Ana nan sai masoya kiɗan suka buɗe gasa a intanet. Farfesa ya shaida wa majalisa cewa duniya za ta san Mafara ta bakinsa. Don ya ƙara wa aikin ɗan ƙamshin gargajiya, ya aika yaron gidansu Dakko ya kira Gidaɗo, tsohon da ya shekara arba'in yana yi wa mahautan gidansu kalangu. Awa biyu Farfesa yana yi masa darasi.

"Baba Gidaɗo, kai dai ka tsaya daga baya. In lissafi ya kuɓuce maka, kada ka ji kunya."

Tsohon ya ce to, ɗan maigida.

Aka jingina waya don ɗaukar bidiyo, aka fara. A minti na uku lissafi ya kuɓuce, amma ba wa Gidaɗo ba. Farfesa ya shiga motsa leɓe yana ƙirga, gumi na ɗiga a kan gita. Tsohon kuwa ya matse kalangu a hammata, ya bi bakwai, ya juya tara, ya kwantar da kiɗan har sai an kasa kunne, sannan ya tayar da shi da kirarin kakannin mahauta tun daga na farko. Da suka gama ya share fuska ya ce, "Wanga kiɗi naka, ai shi muka yi wa bijimi ranar hawan ƙaho. Kai dai kana tuntuɓe wurin na bakwai."

Farfesa ya yafe masa, don tsufa ne.

Kwana uku da ɗora bidiyon, saƙonni suka cika waya. Bai tsaya dubawa ba, ya tara majalisa, ya miƙa wa Malam Sulaiman mai koyar da Turanci ya fassara da ƙarfi. Na farko ya ce wannan shi ne ci gaba na gaskiya. Farfesa ya gyara zama. Na biyu ya tambayi sunan tsohon. Na uku ya tambayi sunan gangar. Na huɗu ya roƙi arziki a sake ɗauka, amma mai baƙar rigar nan ya matsa gefe, yana kare malaminsa.

An sake ɗauka kuwa, har sau shida. Gidaɗo mutum ne mai adalci, duk wanda ya tambaye shi yakan ce ɗan maigida ya iya riƙon waya ƙwarai, in dai bai yi magana ba.