Na Yi Bankwana, Litinin Na Dawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa ofishinmu jana'iza alhali yana numfashi ba.

Lokacin ina buga tafireta a wata 'yar hukumar horar da ma'aikatan gwamnati a Accra. Dokar da ta kafa mu tana da wa'adi: idan ya cika majalisa ba ta sabunta ta ba, kowa ya kama gabansa. To, wa'adi ya ƙarato, 'yan majalisa kuwa sun yi gum.

Rannan wani ɗan'uwana, Issaka, direban wani ɗan majalisa, ya tare ni a tashar trotro, wato motocin haya, ta unguwar Nima ya ce, "Sista, nemi wani aiki. Da kunnena na ji, an gama da ku." (Ashe a kan wata hukuma daban ake magana, shi kuma rabin hirar ya tsinta yana tuƙi.) Na yarda ɗari bisa ɗari.

Washegari shugabanmu Alhaji Seidu, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya tara mu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Saƙo ya iso daga majalisa..."

Ai sai na miƙe zumbur, hawaye shaɓe-shaɓe. "Alhaji, ba sai ka faɗa ba! Tunda rabuwa ta zo, ka yafe ni. Ni ce na laƙaba maka Gwamnan Barci, saboda gyangyaɗin da kake yi bayan Azahar."

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa na ci gaba: na ce ni ke kwaikwayon tafiyarsa idan ya fita, kuma har ga Allah aikin ma ya ishe ni. Anti Akwele, akawunmu, tana ta mintsinina, ni kuma na ɗauka lallashi ne, na juya na rungume ta.

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Kin gama, 'yata?"

Na gyaɗa kai ina jan hanci.

"To, majalisa ta sabunta dokarmu. Litinin kowa ya zo aiki." Ya kalle ni. "Wanda aikin ya ishe shi kuwa, ya samu Gwamnan Barci a ofis. Amma ya zo kafin Azahar."

Dariya ta ɓarke, har wani ya faɗo daga kujera. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga 'ya'ya a makaranta, ga bakina ya kore ni daga aiki!

Litinin na je na durƙusa. Ya ce ya yafe, da sharaɗi ɗaya: in nuna masa yadda yake tafiya. Na nuna, gaban kowa. Ranar muka fara ganin haƙoransa.

Tun daga nan, idan babba ya buɗe baki, ko gobara yake sanarwa, sai ya kai aya nake motsi.