Dutsen da Sarki Jatau Zai Ɗaga

Kafin in yi wa kowa dariya, bari in fara da kaina. Shekara uku ke nan da likita ya dubi tumbina ya ce in riƙa motsa jiki. Na sayi farin kambas, na yi rajista a wani gidan motsa jiki da ke bayan layinmu, na je sau biyu. Zuwa na biyun hulata na je ɗaukowa. Saboda haka sarkin da zan ba ku labarinsa ya fi ni ta fuska ɗaya: shi kullum yana zuwa.

A wata bazara, a dajin Kwazazzabo, wani ƙaton baƙin dutse ya gangaro daga kan tsauni ya zauna daram a bakin idon ruwan da dukan dabbobi ke sha, a yammacin tsaunin. Ruwa ya ɗauke. Abin da ya rage sai wani tafki mai nisan rabin yini, ruwansa kamar kunun kanwa. Jakuna ne masu ɗebo wa kowa ruwa, shugabarsu kuma wata jaka ce mai suna Goho, wadda ba ta da yawan magana. Kullum takan kafa tsinke a gefen ruwan tafkin, washegari ta iske shi tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Ta duba, ta auna, ta ga kwana sittin suka rage tafkin ya ƙafe.

Sarkin dajin zaki ne, sunansa Jatau. Kowane ɗan dabba ya tashi da sanin cewa Jatau ya taɓa ɗaga tsauni da farcen hagu, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya mayar. Ba wanda ya gani, amma makaɗa suna faɗa, kuma ana tambayarsa a jarrabawa. Don haka da Goho ta jagoranci jakuna zuwa fada, ba ta ɗauka wani babban abu za ta roƙa ba.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji ta, "dutse ne ya toshe mana ruwa. In sarki zai ɗan taɓa shi."

Sarki ya gyara gashin wuyansa. "Mun ji kukanku," ya ce. "Wannan mulki ba zai zura ido wani dutse ya raina talakawansa ba. Za mu ɗaga shi. Ba ɗagawa kawai ba, ɗagawar da jikoki za su ba da labari. Gobe za mu shiga atisaye."

Aka yi guɗa. A cikin mako guda aka gina gidan motsa jiki a jikin fada, da madubi bango guda, da tabarmi, da wurin zaman 'yan kallo. Aka ƙara wa jakuna aiki, domin mai atisaye yana gumi, mai gumi kuma sai ya yi wanka, safe da yamma, tulu goma sha biyu.

A zaman fada na gaba Goho ta sake durƙusawa. "Ranka ya daɗe, jahilci ne ya sa zan tambaya. Wanda ya ɗaga tsauni da farce, me zai yi da atisaye?"

Sai Waziri, wani kure mai suna Burungu, ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran a yi masa wannan tambaya.

"Baiwar Allah, kin ɗauka ƙara ƙarfi sarki yake yi? Ragewa yake yi. In ya je wa dutsen nan da ƙarfinsa na yanzu, cilla shi zai yi ya faɗa dajin maƙwabta, a yi yaƙi. Yaƙi kike so?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ruwa nake so."

"To ki yi haƙuri a rage."

Kakakin fada, wani dila da ake kira Cindo, ya ga kada a bar shi a baya. "Kuma abin koyi ne ga matasa. Jiya na ga 'yan gada biyu suna tsalle. Da can wa ke tsalle a dajin nan?"

Nan take Waziri ya karanta sabon umarni. Masana sun ba da shawara cewa duwatsun da sarki zai riƙa gwaji da su dole su zama irin dutsen da zai ɗaga, launi da nauyi, don hannu ya saba. Jakuna za su kawo, kowane mako a ƙara girma.

"Ranka ya daɗe," in ji Goho, "baƙin dutse irin wannan guda ɗaya ne a dajin nan."

"Ban tambaye ki tarihin duwatsu ba. Ku kawo."

Suka tafi su kawo. Mijin Goho, wani tsohon jaki da ake kira Duna, ya taɓa yin aiki da masu fasa dutse, ya san yadda ake yi. Aka tara busassun itace a kan dutsen da ya toshe ruwan, birai suka hura wuta ta wuni tana ci, da sanyin safiya ya sauka dutsen ya tsage, jakuna suka juya masa baya suka sa kofato. Guntun farko bai fi kan akuya ba. Aka kai fada, Cindo ya sanar cewa sarki ya ɗaga shi sau dubu kafin karin kumallo, kuma ƙarfinsa ya ragu da ɗan kaɗan, alhamdulillahi.

Mako na biyu aka nemi manya. Mako na uku aka nemi guda ashirin, saboda fadawa ma sun fara zuwa su tsaya kusa da su a gaban madubi. Tafki yana ja baya, duwatsu suna taruwa a fada. Duna ya fara tari saboda laka da yake sha da sunan ruwa, amma bai fasa aiki ba.

Ranar kwana na arba'in da ɗaya, Duna ya kai wa ragowar dutsen harbi, sai ya ji ƙafarsa ta jiƙe.

"Goho," ya ce, "ko dai tsufa ne ya fara kunyata ni?"

"Matsa, Malam. Ba kai ba ne."

Ruwa ne, fari tas, yana ɓulɓulowa. Suka sha har cikinsu ya yi ƙara. Sannan Goho, da yake jaka ce mai bin doka, ta tafi fada ta kai albishir.

Ba a yi guɗa ba. Waziri ya miƙe tsaye a hankali.

"Kina nufin dutsen sarki babu shi?"

"Yana nan, ranka ya daɗe. Ga shi can a gaban madubi."

"An sa rana. An gayyaci sarakunan dazuka bakwai. An ɗinka wa makaɗa anko. Ku kuma kuka je kuka buɗe ruwa ba da izini ba. Wannan zagon ƙasa ne."

Cindo ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ƙarfin da sarki ya riga ya rage, wa zai mayar masa da shi? Sarki dai yana ta murza kafaɗa. Da aka gama muhawara, hukunci ya fito: cikin kwana uku jakuna su mayar da dutsen inda yake, a sa gara, masu gina suri, su liƙe shi da laka ya koma yadda Allah ya yi shi, ruwa ya tsaya har ranar buki. Kwamiti zai je ya tabbatar.

A hanyar komawa, da lodin farko a bayansu, Duna ya ce, "Yanzu da bayanmu za mu toshe ruwan da muka sha?"

Goho ta yi tafiya mai ɗan nisa. Sannan ta ce, "Malam, shekara nawa muna kai ruwa fada?"

"Tun kina da haƙoran gaba."

"Ka taɓa ganin wani bafade a bakin idon ruwa?"

Duna ya tsaya, ya yi tunani, ya ci gaba da tafiya, kunnuwansa a miƙe.

Suka sauke duwatsun a wani fako da ke gabas da tsauni, inda ko ciyawa ba ta taɓa fitowa ba. Gara suka liƙe su tsaf, ba su tambayi komai ba, don su ma suna shan ruwa. Rana ta uku kwamiti ya zo, Waziri a gaba, an riƙa masa laima. Ya zagaya dutsen sau biyu, ya shinshina ƙasa, ya tona da farce.

"Ko ɗigo babu," ya ce. "Aiki ya yi kyau. Kin gani, baiwar Allah, in kuna so kuna iyawa."

"Mun gode, ranka ya daɗe."

Aka ɗage bukin zuwa bayan damina saboda kafaɗar sarki ta ɗan motsa, daga nan aka ɗage zuwa bayan kaka. Cindo yana sanarwa kullum cewa dajin yana cikin ƙishi, sarki kuma yana cikin atisaye dominsa. Dabbobi suna saurara, su gyaɗa kai, su zagaya ta yammacin tsauni su sha. Tarin Duna ya warke. Ruwan wankan sarki kuwa har gobe daga tsohon tafki ake ɗebo shi, don kada a ga ya yi fari a yi tambaya.

Bayan shekara biyu lokacin sabunta sarauta ya zo, wanda a dajin nan da dangwala kofato ake yi. Wani matashin zaki mai suna Bagudu ya fito takara. Ba ya atisaye, ba ya son madubi. Ya bi unguwa-unguwa yana rantsuwa cewa ranar da aka naɗa shi, kafin ya ci abinci, zai tafi da ƙafarsa ya ga dutsen nan da idonsa, ya ga inda ruwan yake, ya hukunta duk wanda ya yi wasa da shi. Kowa ya shaida da gaske yake yi.

A unguwar jakuna kofato ɗari uku da shida aka dangwala. Duka na Jatau ne.