Rasuwar Tsohon Soja, Babur ɗin da Arahar Haya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya fi baƙin cikin nauyi, ni mai riƙe da makullin babban sito na bakin kasuwa, a madadin uwar 'ya'yana da yaranmu biyar, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinmu, wanda 'yan dako suka laƙaba wa suna Tsohon Soja saboda koren fentinsa da rashin musunsa. Ya cika ranar Talata da safe a tsakiyar gada, yana bakin aiki, ina bisa kansa. Shekararsa goma sha ɗaya a hannuna, takwas na jin daɗi, uku na azaba.

Kada wani ya zo mini ta'aziyya ya ce tsufa ne. Sa'anninsa suna nan suna yawo cikin gari da ƙyallinsu. Kashe shi aka yi, kuma tun da sanarwa ce ta gaskiya, da hannuna a ciki.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga wani ciniki da muka ƙulla ni da dillalin gidaje. A lokacin muna hayar ciki da falo a tsakiyar gari, minti bakwai zuwa sito. Rana ɗaya mai gidan ya tashi ya ninka kuɗin, wai don ya sa tayil a banɗaki, sai ka ce a banɗakin muke kwana. Na yi fushi na ce ba da ni ba. Ana haka dillali ya same ni a bakin sito.

Ya ce, "Babba, ɗaki uku, tsakar gida, rijiya. Kuɗin bai kai rabin abin da kake biya ba."

Na ce, "Nisa fa?"

Ya ce, "Ni ba zan faɗa maka ba, kada ka ce dillali ne. Ga agogo a hannunka. Goya ni mu je ka auna da kanka."

Ni ba yaro ba ne. Ban yi karatu mai nisa ba, amma shekara goma sha tara ina karɓar kaya ina fitar da kaya, daga yadda ɗan dako ya rangwaɗa nake gane buhun da aka tsakura. Na goya shi a bayan marigayi muka kama hanya. Minti talatin da biyar cif. Na hau na duba rufi, na ɗanɗana ruwan rijiya, na leƙa masai, na ƙwanƙwasa bango, na ja maƙwabta gefe na tambaye su labarin ɓarayi da ambaliya. Na ja ciniki har sai da dillali ya cire hula ya share gumi. Muka tafa, na ba da na shekara biyu a dunƙule, na dawo ina yi wa uwar 'ya'yana kirari da wayona. Komai na duba sai abu ɗaya: ranar. Lahadi ce, duniya tana barci, hanya fetal kamar an share.

Litinin ɗin farko na san na sayi rariya. Ashe duk wanda tsadar haya ta koro daga gari can aka watso mu tare, malamai, masinjoji, teloli, ma'aikatan asibiti, kuma gada ɗaya ce tak ta haɗa mu da abincinmu. Minti talatin da biyar ya zama awa biyu zuwa, biyu da rabi dawowa. Na koma wa dillali da zafina. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Babba, a cikin maganata wacce ce ƙarya?" Na laluba ban samu ba. Wannan ya fi ƙaryar ciwo.

Tun daga ranar marigayi ya ɗauki nauyin da ba shi ya ƙulla ba, kuma ina shaida a gaban kowa bai taɓa nuna mini a fuska ba. Ya kasance mai sammako, mai ƙanƙan da kai, mai wadar zuci da ɗan abin da aka zuba masa a tanki. Bugu biyu yake tashi. Na farko ya ce "ƙirrr," kamar dattijo yana gyaran murya, na biyu ya ce "tu-tu-tu-tu," wato mu tafi. Ya san kowane rami na hanyar burji da sunan ubansa. Ya san inda ake matsewa tsakanin tirela da kwalbati ba a goge gwiwa ba. Da damina yakan shiga ruwa har salansa, ya fito yana "fut-fut-fut," ya tofar, ya ci gaba. Ya ɗauki buhu, ya ɗauki katifa, ya ɗauki yara uku a jere zuwa makaranta ranar da nake da hali. Sau biyu gyangyaɗi ya sace ni a kansa muna dawowa, sau biyu kuma na farka ina kan hanyata ba cikin lambatu ba. Ɗan'uwa na jini ma iyakar abin da zai yi ke nan.

Aibinsa ɗaya na sani, shi ma ba zan ɓoye ba: birkinsa na baya shawara yake bayarwa, ba umarni ba.

A shekara ta biyu ya fara tari. Hayaƙi fari da safe, shuɗi da yamma. Baƙin mai da yake sha a wata ya koma sha a mako. Muka fara zarya wurin bakanike. Aka canja fulogi, aka canja kaca, aka wanke kafireta, aka sa ringi har sau uku. Na ce wa bakanike ko dai kayan jabu yake sa mini. Ya ajiye sufana ya dube ni ya ce, "Baba, tsakani da Allah, tafiyar da kake sa bawan nan a wata, wani babur a shekara yake yin ta. Ko jaki ne da ya kai ƙara." Gaskiyarsa ce, domin na riga na lura cewa abin da na tsira da shi daga hannun mai gidan haya, fetur da faci da bakanike sun raba shi uku tun kafin ya ɗumama a aljihuna. An gudu ba a tsira ba.

Masu cewa me ya hana ni komawa gari, ga amsarku, ku daina tambayata. Na koma. Ciki da falon nan namu an ba wani a kan ninki uku, ya kuma yi godiya. Masu cewa in hau motar haya, mota uku ake hawa, kuma ta ukun ba ta tashi sai ta cika, ko da aradu za ta faɗo.

Ga abin da ya sa lafiyar marigayi ta zama lafiyata. Sito ba ya buɗuwa sai da ni. Ƙarfe bakwai ake buɗewa. 'Yan dako goma sha biyu ne, kuma a kan buhu ake biyansu, ba a kan zama ba, saboda haka duk mintin da na makara daga bakin 'ya'yansu na cire. Shekara goma sha shida ban taɓa barin kowa ya riga ni isa ƙofar nan ba. Cikin shekarar nan sau biyu marigayi ya sume mini a hanya. Na farko manaja ya dubi agogo kawai. Na biyu ya kira ni ofis, yaron da na girmi ubansa, ya ce, "Baba, ana girmama ka a nan, amma na uku ba ni zan yi magana ba, makulli ne zai yi." Shugaban 'yan dako kuwa kullum ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Ga mutanen ƙasar waje sun sauka! Baba, ya hanya, an buga maka hatimi a kan iyaka?"

Ranar Talatar da abin ya faru, bugu bakwai na yi kafin ya tashi, kuma muryar da ya tashi da ita ba tasa ba ce. Na shafa tankinsa na ce ya yi haƙuri ya kai ni, Asabar zan kai shi a duba shi. Ya kai ni har gada. Cunkoso ya tsaya cak, ana yayyafi, zafin inji yana dukan ƙafata ta cikin wando. Sai na ji "ƙwas-ƙwas-ƙwas" daga can cikinsa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, "fiuuu." Na taka kik, kik ya ƙi motsi, ya sandare. Na san an gama.

Ban yar da shi a nan ba. Wanda ya ɗauke ka shekara goma sha ɗaya ba ka barinsa a kan gada masu mota suna zaginsa. Na tura shi da hannuna, ruwa yana dukana, makullin mutane yana kaɗawa a ƙuguna, har rumfar bakanike. Ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali ya ce, "Inji ya buga, Baba. Sai haƙuri. Kuɗin tashinsa ya fi kuɗinsa."

Goma saura na isa sito. Tirela uku a tsaye, direbobi suna huci. Ƙofa a buɗe. An kira mai walda ya yanke kwaɗon da nake shafa wa mai da hannuna duk wata, ga gutsattsarinsa a ƙasa ana takawa. Ko shugaban 'yan dako bai yi mini ba'a ba ranar.

Manaja ya ba ni zaɓi biyu. Ko in ajiye makulli in tafi da mutuncina, ko in tare a ɗan ɗakin bayan sito inda ake tara yagaggun buhuna, Litinin zuwa Asabar, ba makara ba uzuri. Ya ce taimakona ya yi, ko sisi ba za a karɓa ba. Mai 'ya'ya biyar ba ya zaɓen mutunci. Na tare. Kwana takwas da tarewata aka sallami mai gadi, dattijo kamata, wai tun da akwai mai kwana a wurin, gadin me? Da zai tafi ya miƙo mini tocilarsa ya ce, "Riƙe, batirin sabo ne." Ban iya haɗa ido da shi ba.

Marigayi ya rasu ya bar hular kwano guda mai tsaguwa a ƙeya, da rigar ruwa mai hannu ɗaya, da sufana mai lamba goma, da makullinsa wanda har yau nake laluba a aljihu in na tashi. Ya bar ciwon baya da ciwon gwiwar hagu, dukkansu suna hannuna ina reno. Ya bar masu faci uku a kan hanya, waɗanda na ji sun fara tambayar ko lafiya. Ya bar bakanike, wanda ya fi kowa maraici, don a kan marigayi ya rufe ɗakinsa da sabon kwano. Ya kuma bar 'yan'uwansa babura dubbai da suke kan gadar nan yanzu haka suna tari, masu su kuma kowa yana ganin shi mai wayo ne.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar bayan an tashi daga aiki, a filin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan rumfar bakanike. Za a ɗora shi a sikeli, kuma ni zan karanta sikelin da kaina, don na san halin mutumin. Bakanike ya riga ya roƙi kafireta da tayar gaba, wai don tunawa, na ce ya biya tukuna ya tuna daga baya. Ba za a yi zaman makoki a gida ba, saboda ba na son alhakin abin hawan kowa. Mai son yi mini gaisuwa ya zagayo bayan sito ya ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa, ya zo da abin zamansa. Dillali kada ya zo. In ya ga dole sai ya zo, ya taso daga can gidan ranar Litinin da safe, a kan nasa abin hawan.

Tun da an ce ba a rufe mamaci sai an san abin da ya bari da wanda ya ci, ga rabon gado. Tsohon mai gida ya sami ɗan haya mai biyan ninki uku. Sabon mai gida ya aiko cewa zai ƙara kuɗi, wai ya ji za a zuba kwalta. Dillali ya ci la'adarsa, kuma an ce Lahadin nan ma an gan shi a bayan babur ɗin wani malamin makaranta. Manaja ya sami mai makulli da mai gadi a kan albashi ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗanda suka faɗi kuwa mu ne. Marigayi ya ba da ransa. Mai gadi ya ba da abincinsa. Ni ina biyan hayar ɗaki uku da tsakar gida da rijiya, ina kwana a kan buhu. Mako uku ban leƙa gida ba saboda ƙidayar kaya, sai Lahadin da ta wuce na isa, a ƙafa daga tasha, ba ƙarar babur ɗin da ke riga ni shiga. Autarmu, wadda aka haifa a gidan, shekararta biyu da rabi, tana wasa a bakin ƙofa. Na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta kwasa a guje ciki tana cewa, "Mama, Mama, ga wani mutum ya zo."