Lambar Da Yatsuna Suka Haddace

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ke kuma ya gajiyar juyi a kan kujerar ofis?"

"Babu gajiya, Injiniya. Bene ɗaya fa ka hau kake haki kamar ka turo mota."

Jikata ce, 'yar babban ɗana, wadda nake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Wata biyu ke nan da ta samu aikin sakatariya a wani kamfanin kayan asibiti, ba a ma tabbatar da ita ba. Ran nan manaja ya ba ta takardar odar kaya, ya ce lallai ta isa kafin ƙarfe huɗu, su kuwa masu kawo kayan ba sa karɓar oda sai ta faks, wato tura takarda ta layin waya. Na'urar faks ɗin ofis ta mutu tun bara. Sai Rediyo ta tono wani tsohon modem a sito, na'urar da ke sa kwamfuta ta buga waya, ta jona shi da kwamfuta da layin waya, ya ƙi bugawa. Shi ne ta bugi ƙirji ta ce wa manaja kakanta gwani ne, ta kira ni. Laifina ne kuwa. Shekara ashirin da biyu na yi ina kula da modem da faks a ma'aikatarmu, na kuma yi sha biyar ina cika wa jikoki kunne da labarin.

"Uku da kwata," in ji ta. "In aka kore ni, gidanka zan tare, in riƙa cinye maka nama."

"Matsa can. Ni da na taɓa tura shafi tamanin ana tsawa?"

"Bara sittin ka ce."

"Sun haihu."

Na zauna, na shafa aljihu. Babu tabarau. Allon kwamfutar ya zame mini kamar an watsa gero a ƙasa. Amma in faɗa wa wannan yarinya? Allah ya kiyaye.

"Buɗe mini baƙin allon nan da ake yi wa modem magana. Ni zan rubuta, ke ki karanta amsa, in ga ko kin iya karatu."

Na buga AT.

"Ya ce OK."

"Kin gani? Ya gane ni. Gaisuwa ce ta manya."

"Tsoho ya ga tsoho. Ku yi hirar ciwon baya mana."

"Rufe baki ki koya." Na buga AT+FCLASS=1. "Wannan shi ne ce masa, yau faks za ka yi, ba hira da kwamfuta ba." Na ƙara ATM1 don lasifikarsa ta buɗe mu ji abin da ke faruwa a layi. "To, a ofishin nan in za ki kira waje, me kike fara dannawa?"

"Tara."

"Kin gaya masa?"

"Na sa tara mana."

"Waƙafi fa?"

"Wane waƙafi? Wasiƙa nake rubutawa?"

"Ga jahilci da jan baki! Bayan tara sai waƙafi, shi ne ke sa shi ya ɗan dakata layin waje ya buɗe. Ke kin sa shi yana zuba kamar ke."

Wallahi daɗi ya kama ni har kunne. Ta miƙo takardar da lambar mutanen ke jiki, na ɗaga ta sama, na yi ƙasa da ita, na gyaɗa kai kamar na gani. Na buga ATDT9, na sa waƙafi, yatsuna suka ci gaba da kansu. Modem ya buga, waya ta yi ƙara a can, aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Modem ya ce ƙiiit.

"Wa ke magana, na ce?"

Na katse da sauri. Rediyo ta ƙura mini ido.

"Injiniya, muryar nan kamar na san ta."

"Duk tsofaffin sakatarori muryarsu ɗaya. Layi ne ya harɗe." Na buga A/, wato ya maimaita umarnin ƙarshe. Da ina da hankali ai da na san kuskuren ƙarshe zai maimaita.

"Kai, wane marar aikin yi ne wannan? Ina da tukunya a wuta!"

Ƙiiit.

Rediyo ta dafe ciki. "Kamfanin kayan asibiti da tukunya a wuta?"

"Suna dafa allura."

Daidai nan manaja ya leƙo, ya dubi agogo, ya dube ni. Uku da minti arba'in. Na ga dariyar ta ɗauke daga fuskar yarinyar nan, sai kunya ta rufe ni. Amma taurin kai ya riga kunya isa yatsuna. Na sake buga A/.

Aka ɗauka. Wannan karon ba a yi magana ba. Modem ya yi ƙiiit sau ɗaya, ya yi na biyu.

"Malam? Kai ne ko?" in ji matata, kakar Rediyo, a gaban manaja da kowa. "Ba mai yi mini wannan kukan sai na'urarka. Rabona da jin sa shekara sha biyar. To in kai ne, ga tabaranka nan ka bari a kan firji."

Manaja ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har hula.

"Tashi," in ji Rediyo. "Makaho da sitiyari! Faɗa, ni in rubuta."

Na tashi ba musu. Na tsaya a bayanta ina faɗa tana bugawa. Ta sa umarnin a manhajar da za ta tura takardar, ta sa tara, ta sa waƙafi, ta karanto lambar sau biyu da idonta mai kyau. Aka ɗauka a can, sai wata na'ura ta amsa wa tamu da irin kururuwar da na fi so a duniya. Shafi ya fara tafiya. Huɗu saura minti takwas allo ya ce ya isa. Manaja ya ce madalla, ya fita yana share ido.

"Na tura shafi tamanin ana tsawa," in ji ta, tana kwaikwayon muryata. "Ashe duk gidan Kaka suka tafi."

"Waƙafin dai nawa ne."

"Naka ne, ban hana ka ba. Amma ya aka yi lambar gida ta fito?"

Na sosa ƙeya. "Kowace safiya in na isa ofis sai na gwada layi. Dole a kira wata lamba a ji ko tana shiga. In kakarki ta ɗauka ta ji kukan, sai in ɗaga wayar da ke kusa mu ɗan gaisa."

"Shekara ashirin da biyu?"

"Aiki ne. Ka'ida ce."

"Ɗan gaisawa na minti nawa?"

"Ya danganta da lafiyar layi."

Ta yi dariya har da buga tebur. Na zaro ɗan littafina mai baƙin bango, wanda duk umarnin modem ke ciki da rubutun hannuna, na ajiye a gabanta.

"Na sallama. Riƙe, kin ci. Amma in labarin nan ya kai kunnen ubanki, na tsine wa kujerar nan taki."

"Ai Kaka ta riga ni, ina tabbatar maka." Ta jefa littafin a jaka, ta cire layin daga modem ta mayar jikin wayar tebur, ta miƙo mini kan wayar. "Ungo. Baiwar Allah tana can tsaye, sau uku ana yi mata ƙiiit ba a ce komai ba. Gwada layi, Injiniya."

Na karɓa. Na danna tara, na ɗan dakata, yatsuna suka yi sauran. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka.