Saƙon Kawu a Gaban Masana Inabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zuge jakata da hannuna a gaban masana, a wani ɗakin taro a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, ina ta ɗaga kafaɗa. Aikina a gida shi ne haɗa kan jihohin da ke noman inabi su bi tsari ɗaya wajen yaƙi da ƙwari da cututtuka. Aka turo ni Dubai in shawo kan wata cibiya ta ɗauki malaman gonarmu horo. Masu nema da yawa, gurbi kaɗan, oga kuma ya ce kada in dawo masa da dogon bayani.

Na sauka wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai sarin takalma a unguwar Naif. Mutum ne mai son shuka. A barandarsa akwai inabi a tukunya, yana kiransa "habibi", wato masoyi (matarsa ta ce ita har yau ba ta samu wannan sunan ba). Kullum a gindin inabin nake shan shayi, amma ni gwanin ƙwari ban taɓa juya ganye ɗaya na duba ba.

Da safen taron, da yake daga can filin jirgi zan wuce, Kawu ya miƙo min wani ƙunshi a baƙar leda, an naɗe shi da salatif kamar ƙafar mai karaya. "Saƙon Yaya ne," in ji shi, wato mahaifiyata. Na jefa a jaka. To wa yake buɗe saƙo? Tun muna yara aka koya mana amana ce, yadda aka ba ka haka za ka kai. Ya kuma zura babbar riga ya ce sai ya je ya ga ɗansa yana Turanci.

Jawabi ya yi daɗi. Na ce musu jakar matafiyi ita ce babbar ƙofar cuta: mutum ya ga inabi mai kyau, ya yanko reshe ya kai garinsu, ya kai musu annoba. Na ce a tsarinmu kowace jaka sai an duba, ba sani ba sabo. Aka tafa. Tafin nan ne ya hau min kai, na ce, "Bari ma in fara da tawa."

Na fito da riguna, da dabino, da turare. Shugabar taron ta nuna baƙar ledar ta ce, "Wannan fa?" Na yaga salatif ina murmushi. Jiƙaƙƙiyar jarida ce a ciki, cikinta kuma rassan inabi, kowanne ya yi fari fat da wani ƙwaro mai kama da auduga. Shi ne dai ƙwaron da hotonsa ke kan allo a bayana.

Wani dattijo a gaba ya fara tafi, ya zaci da gangan na shirya. Allah ya yafe min, har na fara gyaɗa kai. Sai Kawu ya miƙe daga can baya.

"Kai ɗan nan! Rufe, iska za ta busar da su! Da hannuna na yanko wa Yaya. Yalla, maza naɗe!"

Shugabar ta tambaye ni me bawan Allahn yake cewa. Babu wani mai jin Hausa a ɗakin. Ni na tsaya, gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura, na fassara musu kalma bayan kalma. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Dariyar da aka yi kuwa, har da mai riƙe ciki.

Aka ƙone rassan. Kawu ya ce, "Halas, shi ke nan, ba na ƙara ba ɗan boko saƙo." Gurbin kuwa mun samu. Shugabar ta ce babu ƙasar da ta nuna tana buƙatar horo ƙarara kamar tamu.

Yanzu duk wanda ya ba ni saƙo, a gabansa nake kwancewa, ko da surukata ce. Ta taɓa gwadawa sau ɗaya. Yaji ne kawai a ciki, kuma har yau tana ba da labarina a gidan biki.